Hitar da Na Bari a Ɗakin Jego

Ku matso kusa, yarana, ku da kuke wucewa ta ƙofar gidana da waya a hannu kuna cewa gyaran gas ba wani abu ba ne, sifana ɗaya da bidiyo ɗaya an gama. Ku matso, ni ba na iya ɗaga murya, kuma abin da zan faɗa ba na ihu ba ne. Sunana Azumi, amma a unguwarmu ta Maamobi in ka ce Azumi sai a tambaye ka wacce daga ciki. Ka ce Mma Gas, wato maman gas, ko akuyar lungu za ta nuna maka rumfata. A ƙarƙashin teburin rumfar akwai wata hitar ɗumama ɗaki mai launin toka, an ɗaure maɓallinta da baƙar roba. Shekara da shekaru tana nan, ban taɓa kwance robar ba. Rai ɗaya ta ci, ta gutsiri rabin wani. Zan gaya muku yadda aka yi, amma sai kun ɗan san aikin tukuna, in ba haka ba ku ma za ku ce tsautsayi ne kawai, yadda mutanen gidan suka ce.

Ban shiga aikin nan da niyya ba. Koko da ƙosai nake sayarwa a bakin ƙofa, mijina Masta Seidu, Allah ya ji ƙansa, yana gefe yana gyaran risho da fitila. Da gas ya shigo unguwa sai ya koma gas. Daga baya ciwon suga ya fara cin idonsa, har ya zama mutum yake gani kamar inuwa. Wata safiya wata mai sayar da wake da shinkafa ta kawo murhunta, tukunya na jiranta, shi kuma ya lalubi ɗan dunƙulen tagullar da gas ke fitowa ta cikinsa, wanda muke kira jet, ya kasa samun hudar. Sai ya juyo wajen da yake jin ƙarar ludayina ya ce, "Azumi, ara mini hannunki." Aron da ba a mayar ba ke nan.

Da kunne ya koya mini, tun da shi ya rage masa. Sai ya kunna murhu ya ce in rufe ido. "Me kika ji?" In ce wuta. Ya buga sifana a tebur ya ce, "Wuta! Mai ƙosai ma ta san wuta. Wace iri?" Haka muka yi ta yi har kunnena ya buɗe. Lafiyayyar wutar gas numfashi ɗaya take yi, shiii, ba ta yankewa, in ka buɗe ido ka gan ta shuɗiya, gajera, a tsaye. Wadda iska ta yi wa yawa gurnani take, tana tsalle daga bakin murhu kamar za ta gudu. Ta ukun ita ce wadda iska ta yi wa kaɗan. Ita ba ta da murya, sai fal-fal, fal-fal, kamar jiƙaƙƙen zani a igiya, launinta rawaya, doguwa, mai laushi, kyakkyawa ma a ido. Masta ya ce, "Wannan ta ukun, in kin ji ta a ɗaki rufe, kada ki tsaya gaisuwa." Shekara uku ina wanke jet da goge murhu kafin ya yarda in kwance regileta ni kaɗai, wato kan da ake ɗorawa a bakin silinda. Ban taɓa jin ya ce na yi daidai ba. In ya yi shiru bai ce "sake" ba, to yabon ke nan.

Kayan aikina duk suna shiga tsohon gwangwanin biskit. Sifana biyu, filaya, sukudireba, allurar risho ta share huda, tsohon buroshin haƙori, zoben roba na bakin silinda, da kilif na matse tiyo. Babbansu kuwa ba a saye a shago: ruwan sabulu da soso. Ka shafa kumfa a duk mahaɗa, ka zuba ido. In kumfar ta fara kumbura kamar kwaɗo yana hura wuya, nan ne yake zuba. Wanda ya gwada yoyon gas da ashana, wannan ba makanike ba ne, mai neman suna ne a bakin masu wankan gawa.

Akwai wata Anti Dede, 'yar ƙabilar Ga ce mai dafa dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, a wani gidan haya bayan babbar gota. Ta kira ni wai gas ɗinta yana saurin ƙarewa. Na je na tarar da ƙaton dutsen niƙa a kan regiletarta, an danne don kada ya yi huci. Na ce mata mene ne wannan. Ta ce, "Mma Gas, bar shi, wannan dutse shekara biyu yana mini aiki, bai taɓa neman albashi ba." Na ce, "Ranar da zai karɓi albashinsa, da rufin gidan zai tafi." Zoben roba ne kawai ya mutu, abu kamar zoben yatsa. Na canza, na ce mata duk ranar da ta ji warin gas kada ta taɓa makunnin lantarki, kada ta kunna fanka, ta rufe silinda ta buɗe ƙofa, don gas ɗin silinda nauyi gare shi, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa. Ta mayar da dutsen bakin ƙofa tana tsaki. Ku riƙe sunanta, za ta dawo.

Hita ta farko da na taɓa gyarawa ta wani mai kiwon kaji ce can unguwar Malam, ɗaya daga cikin 'yan lokutan da na yarda na yi nisa da gida, don ni motar hayar nan ta trotro juya mini kai take. 'Yan tsaki yake ɗumamawa da ita, kullum da safe sai ya kwashe matattu. Ya ce annoba ce, ya sayi magani har ya gaji. Da na shiga ɗakin na ga ya liƙe ko'ina da leda, ita kuma wutar tana fal-fal. Na kwance bututun da iska ke shiga ta haɗu da gas, na tarar gizo-gizo ya yi saƙa ya toshe shi. Na share da buroshi, na yage ledar sama, wuta ta koma shuɗiya, mutuwa ta tsaya. A nan na gane da idona abin da Masta yake faɗa. Gas yana da wari, shi ya sa yake yi maka gargaɗi. Amma gubar da wuta take fitarwa in ba ta ci da kyau ba, ita ba wari, ba hayaƙi, ba launi. Ciwon kai take fara sa wa mutum, sai tashin zuciya, sai kasala, sai barci mai daɗi. Na faɗi wannan ne don ku san cewa na sani. Ranar da abin ya zo, ba jahilci ne ya hana ni ba.

Za ku ce me hita take yi a nan Ankara tamu, garin da mutum yake gumi da asuba. Kwantenar 'yan borga, wato 'ya'yanmu da ke Turai, ita ce take kawo su a cikin tsofaffin firij da katifu. Abin da masu aikowa ba su sani ba, yawancinsu an yi su ne don gas ɗin bututu, wanda yake bin ƙarƙashin ƙasa ya shiga gidajensu can. Wancan gas ɗin mara nauyi ne, a hankali yake zuwa, hudar jet ɗinsa babba ce. Namu na silinda ya fi shi ƙarfi nesa, ƙaramar huda yake so. In ka haɗa hitar bututu da silinda ba ka canza jet ba, kamar ka ɗura wa jariri tuwo da ludayi ne. Gas ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, wuta ta yi rawaya, baƙi ya taru, guba ta cika ɗaki.

Shekarar da nake kira mummuna, ruwa ne ya yi ta zuba sati da sati, gota ta cika ta shiga ɗakuna, bango ya jiƙe, tabarma ta yi funfuna. Masta bai daɗe da rasuwa ba. A gidan hayar su Anti Dede akwai Hajiya Kande, tsohuwar da rabin matan lungunmu ita ta yi musu wankan jego. Ni kaina sau uku na zauna a gabanta tana tsoma ganye a tafasasshen ruwa tana watsa mini, ina ihu tana cewa in rufe mata baki. Autarta Rabi, tela ce mai yanka atamfa ba tare da awo ba, ta dawo gida haihuwar fari, ta samu 'ya mace. Ɗan Hajiya kuma, Awudu, da yake Jamus, ya aiko mata da hita saboda ciwon gwiwa. Wani mai walda ya yi mata dabara ya haɗa ta da tiyon silinda.

Kwana biyu bayan suna Hajiya ta aiko a kira ni. Da hantsi ne, ana yayyafi. Na tura ƙofar ɗakin, zafi ya mare ni kamar na buɗe tanda. Duk gilasan luba na taga, masu jere sala-sala, an rufe, an cusa tsumma a tsakaninsu. Ramukan shan iska na saman bango an buga musu kwali. A ƙasan ƙofa an shimfiɗa buhu. Ga tsumman jaririya an shanya a kujera dab da hitar. Rabi na kwance ta ɗaure kai da ɗankwali, jaririyar na ta tsala kuka.

"Azumi, zo ki duba mini abin nan na Awudu," in ji Hajiya. "Aljanu gare ta. Ta ci kaɗan, ɗaki ya fara daɗi, sai ta ce ɗif. Kayan Bature ma ashe akwai malalaci."

Na durƙusa na gaishe ta, na yi barka, na janye kujerar tsumman, na fara aiki. Na shafa kumfa, ba yoyo. Na duba tiyo, sabo ne. Na danna maɓallin na kunna ɗan ƙaramin harshen da yake kunna babbar wutar. A gefen wannan ɗan harshe akwai wani siririn ƙarfe kamar tsinken ashana, Masta yana kiransa mai gadi. Muddin harshen yana lasarsa yana da zafi, zai bar gas ya wuce. In iskar ɗaki ta lalace, harshen sai ya janye daga jikinsa, ya huce, ya rufe gas gaba ɗaya. Babbar wutar ta kama: rawaya, doguwa, fal-fal. Ragar gabanta duk ta yi baƙi. Ba a jima ba na ji ƙas, mai gadi ya yi aikinsa.

"Kin gani ko!" in ji Hajiya.

"Hajiya, ba lalacewa ta yi ba. Abu biyu ne. Ba don irin gas ɗinmu aka yi ta ba, sai an canza mata jet. Sannan iskar ɗakin ce take ƙarewa, shi ya sa take kashe kanta. A buɗe taga ko ɗaya."

"Iska? Ai ita nake kora! Ke yarinya, kin manta Hassana?"

Ban manta ba. Hassana babbar 'yarta ce, ta rasu cikin jego shekaru da yawa baya, jikinta ya kumbura. Har ranar nan Hajiya ta riƙe cewa sanyi ne ya shige ta, ta wata taga da aka manta a buɗe. Da can da kurfotin gawayi take gasa ɗakin mai jego, sai ma'aikaciyar asibiti ta hana ta, wai hayaƙi. Shi ya sa ta ga hitar nan kamar Allah ne ya jefo mata, wuta ba hayaƙi.

Ina so in ƙara kallon babbar wutar don in ƙiyasta girman jet ɗin da zan nemo, ita kuma ta ƙi tsayawa. Sai na yi abin da kowane mai gyara yake yi na ɗan lokaci: na kunna, na ci gaba da danne maɓallin da babban yatsana. In ka danne shi, ka ture mai gadi gefe ke nan, gas zai yi ta wucewa. Hajiya na zaune a kujerar tsuguno, ta zuba wa yatsana ido.

"To ga shi ta tsaya."

"Don na danne ne, Hajiya."

"In an danne ba ta mutuwa ke nan?"

"Ba ta mutuwa, amma..."

Jaririyar ta ƙara ƙwalla ƙara, Hajiya ta juya ta ɗauke ta tana jijjigawa. Wannan "amma" tawa ta faɗi ƙasa, ban sunkuya na ɗauke ta ba.

Daga kan gado Rabi ta ce, "Mma Gas, kaina kamar ana daka sakwara a ciki. Zuciyata ma tashi take."

"Jego ne," in ji uwarta. "Kunun kanwa take ƙi sha, 'yan zamani."

Na kashe hitar, na zare tsumma ɗaya, na buɗe gilas biyu. Sanyin ruwa ya shigo, Rabi ta ja numfashi har da lumshe ido. Na cire regileta daga kan silinda, na ce kada a sake kunnawa sai na dawo. Sannan na kama hannun hitar na ce bari in tafi da ita gida in gyara a can.

Hajiya ta ɗora tafinta a kai. "Ki fita da kayan ɗana a ka, mutanen gida suna kallo? Su ce Awudu shara ya aiko wa uwarsa? Je ki kawo abin naki ki sa a nan. Azumi, ni na gasa ki sau uku da hannun nan. Kin mutu?"

Na ce a'a, Hajiya. Na saki. Hitar nan ba ta kai bokitin ruwa nauyi ba. Na rufe gwangwanina, na yi sallama. Ban kai ƙofar gida ba kunnen nan nawa da nake taƙama da shi ya jiyo ƙaras, ƙaras, gilasan taga suna komawa. Na ɗan tsaya. Ruwa ya ƙaru, na tuna na bar wake a jiƙe, na ja mayafina na wuce.

Jet irin wanda nake so sai kasuwar Abossey Okai, wajen wani mai sassaƙa tagulla a cikin 'yan kayan mota. Washegari aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, na leƙa lungu na ga taɓo har idon sawu, na ce gobe. Na zauna gida na gyara murhu biyu, na sha shayi. Rana ta uku na fita da sassafe, na sha cunkoso, mutumin ya huda mini guda biyu, na ƙulle su a bakin zani. Kafin azahar na shiga gidan su Hajiya.

Anti Dede na tsakar gida tana naɗe dokunu, da jaririyar Rabi goye a bayanta. Ta ce, "Ei, Mma Gas, yau dai gida ya huta. Yarinyar nan in tana ɗakin sai kuka, na ce Hajiya ba ni ita, ga shi har ta yi barci. Su ma tun bayan wanka suka kwanta, ko tari ban ji ba. Hitar taku ta warke, tun safe ba ta mutu ba."

"Wa ya gyara?"

"Hajiya da kanta. Ta karɓi robar da nake ɗaure itace."

Na ajiye gwangwani na kara kunne a ƙofa. Hajiya Kande in tana barci, munsharinta har masu shago suna ji. Ba munshari. Ba motsin gado. Sai fal-fal, fal-fal. Na tura, an sa sakata ta ciki. Na buga, na kira Hajiya, na kira Rabi. Na yi ihun da ban taɓa yi ba, wani kafinta ɗan haya ya fito da guduma, muka ɓalle ƙofar. Na ce kowa ya ja baya. Na cika ƙirjina da iskar waje, na shiga, silinda na fara rufewa, sannan na ɗauki taɓarya na farfasa gilasan tagar. Na fito na sake shaƙa, muka koma da kafinta muka jawo su.

Ba wari a ɗakin, yarana. Ƙamshin man zafi ne kawai da turare. Hajiya na jingine da bango da carbi a hannu, Rabi ta yi matashi da tafinta. Da a hoto ka gan su, sai ka ce a yi magana a hankali kada a tashe su. Mata suka rufu a kansu, wannan ta kawo manja za ta ɗura, waccan madara. Na ce ba mai zuba wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai a baki, a ba su fili, a kwance musu ɗauri, a nemo tasi. Wata ta yayimo bargo tana cewa kada iska ta bugi mai jego.

Hajiya ba ta kai asibiti ba. Bayan la'asar aka kai ta makwancinta. Rabi ta yi kwanaki ba ta san inda take ba, sannan ta farka. An yi murna, an yi sadaka. Sai a hankali aka lura ba duka ta dawo ba. Ta riƙe almakashi ta tsaya tana kallon atamfa, ba ta san ta ina za ta fara ba. Ka gaya mata magana yanzu, kafin ta kai ƙofa ta zube. Kekenta na ɗinki yanzu kwanuka ake kifewa a kai. Anti Dede da dangin miji ne suka yi rainon yarinyar, ta girma lafiya, har ta shiga makaranta.

Bayan sadakar uku na shiga ɗakin na ɗauki hitar a kaina na fito ta tsakiyar mutane. Ba wanda ya ce ina za ki da kayan Awudu. Robar na nan yadda Hajiya ta naɗa ta, zagaye uku da ƙulli irin na ɗaurin cibiya, tsaf, aikin mai hannu.

Ga abin da aka ce a lungu. Hajiya, ajali ne. Rabi kuwa, wai Mma Gas ce ta farfasa taga, iskar damina ta bugi ɗanyen jiki, ta hau mata ka. Matan da suke kawo mini murhu suka koma ƙetaren gota wajen wani mai gyara. Watanni rumfata ba kowa sai kaji, na koma soya ƙosai. Abin da na yi daidai shi aka kama ni da shi. Abin da na yi ba daidai ba, yatsan nan da na danne a gaban tsohuwa, da kalmar da ban ƙarasa ba, da hannun da na saki, da ranar da na zauna shan shayi, ba wanda ya taɓa tambayata. Sai da aka gaji da gyaran wancan, wanda yake share jet da ƙusa har huda ta buɗe, aka fara dawowa ɗaya ɗaya.

Yanzu duk wanda ya kawo mini hita, kafin in taɓa sukudireba sai na tambaye shi wane ɗaki, taga nawa, wa zai kwana a ciki. In ta gas ɗin bututu ce kuma ba jet ɗin da ya dace, ba ta fita daga rumfata. In tana yawan mutuwa, na share ƙurar ɗan harshen, na duba mai gadi, in ya tsufa a canza shi da sabo, amma ba a ɗaure shi, ba a tsallake shi, ko wa ya roƙa. Nakan ce musu taga a buɗe, wuta shuɗiya, ba shanya a kusa, ba barci tana ci. In mutum biyu a ɗaki ɗaya suka fara ciwon kai tare, kuma suka ji sauƙi da sun fita waje, ba maleriya ba ce, a kashe a fita. Akwai ma wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a bango, tana ihu in gubar ta taru, nakan ce wa 'yan borga ita ya kamata su fara sa wa a kwantena. Kuma ba na ƙara gwada komai a gaban mai kaya. In zan danne maɓalli, sai na juya baya na kare da zanina.

Sanin nan duk za ku iya samu a waya, na yarda. Watan jiya ma wata dattijuwa da nake kunya ta leƙa ƙarƙashin teburina ta ce, "Azumi, wannan da kika ajiye tana cin ƙura, ara mini mana, jikata ta kusa sauka, ga damina." Na ce ba ta aiki. Ta ce ai ke ce mai gyara. Na ce ba zan bayar ba, Mma. Har yau ba ta amsa gaisuwata.

Rabi kuwa tana amsawa. Kusan kullum takan bi ta lungun nan da hantsi, tsaf da ita, ta tsaya a bakin rumfa ta gaishe ni da ladabi. Sannan ta ce, "Mma Gas, kin samo abin hitar? Mma tana jiranki." Jet ɗin nan biyu suna cikin gwangwanin biskit, a ƙulle a ƙyallen da na yanke daga bakin zanin. Nakan ce mata na samo, Rabi. Ta ce to madalla, ta wuce.

Sifana kam kowa zai iya riƙewa. Amma kai da kake cewa aikin nan ba wuya, gaya mini: ranar da matar da ta wanke ka tun kana tsumma ta ɗora tafinta a kan kaya, ta dube ka ta ce bar shi a nan, za ka iya janye hannunta ka ɗora kayan a ka, ka fita cikin ruwa duk gida suna kallonka?